Tambaya da Amsa: Kula da Laburaren Lambar Sirri ta Hanyar Manajan Ƙunshi

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun taru ne a kan abu guda, wato manhajar OATH Toolkit da ake ɗorawa a kwamfutocin Linux domin a riƙa neman lambar sirri mai aiki sau ɗaya kafin a bar mutum ya shiga. An taƙaita wasu daga cikin tambayoyin saboda ƙarancin fili, amma ba a taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina kula da sabar wata ƙaramar ƙungiya, kuma Debian ce a kanta, wato wani nau'in Linux. Ina so duk mai shiga ta SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya riƙa sa lamba mai alƙaluma shida daga wayarsa bayan kalmar sirrinsa. Wasu sun ce in sauko da asalin rubutun manhajar in harhaɗa da kaina domin in sami sabuwa fil, wasu kuma sun ce in bi ta apt kawai. Wacce hanya ce ta fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka bi ta apt, wato manajan ƙunshin Debian mai ɗora manhajoji da sabunta su, amma zai yi kyau ka fara sanin abin da kake shirin ɗorawa, domin daga nan ne dalilin zai fito fili.

OATH Toolkit tarin kayan aiki ne da Simon Josefsson, wani masanin manhaja ɗan ƙasar Suwidin, ya daɗe yana kula da shi. Ginshiƙinsa shi ne laburaren da ake kira liboath, kuma abin da ake nufi da laburare a nan shi ne wani dunƙulen lissafi wanda ba ya tashi shi kaɗai, sai dai wasu manhajoji su aro shi su yi aiki da shi. Lissafin da ke cikinsa ya ginu ne a kan ƙa'idoji biyu da aka wallafa ga kowa. Ta farko ita ce HOTP, wadda aka fitar a takardar RFC 4226 a watan Disamba na 2005, inda ake haɗa mabuɗin sirri da wani adadi mai ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka nemi lamba. Ta biyu ita ce TOTP, a takardar RFC 6238 ta watan Mayun 2011, wadda ta sa lokaci a gurbin wancan adadin: ana ƙirga daƙiƙoƙin da suka wuce tun daga 1 ga Janairun 1970, a raba su gida-gida na daƙiƙa 30, sai lambar gidan da ake ciki ta shiga lissafin. Wayar mai shiga da sabar taka kowannensu yana riƙe da mabuɗi iri ɗaya, kowannensu kuma yana yin lissafinsa ba tare da ya tuntuɓi ɗan'uwansa ba, idan amsoshin biyu suka zo daidai sai ƙofa ta buɗe.

A Debian an rarraba wannan tarin zuwa ƙunshi-ƙunshi. Akwai na laburaren kansa, akwai oathtool wanda ke fitar da lamba a tagar umarni, akwai kuma libpam-oath wanda shi ne ke shiga tsakanin laburaren da tsarin PAM, wato tsarin da Linux ke bi wajen tantance masu shiga. Abin da kake bukata shi ne ka rubuta apt install libpam-oath oathtool, laburaren kuwa apt zai jawo shi da kansa, tunda ya san waɗannan biyun ba sa aiki sai da shi. Masu Fedora za su sami makamantansu da sunayen liboath, oathtool da pam_oath ta hanyar dnf, masu Arch Linux kuwa ƙunshi ɗaya ne ya haɗe su mai suna oath-toolkit.

Bayan ka gama ɗorawa, ga ɗan gwaji da nake so kowa ya saba da shi. Takardar RFC 4226 ta zo da mabuɗin gwaji, wanda a rubutun heksa, wato rubutun adadi da alƙaluma 0 zuwa 9 da haruffa a zuwa f, yake kamar haka: 3132333435363738393031323334353637383930. Ka rubuta oathtool, ka bar tazara, ka liƙa wannan mabuɗin, sannan ka danna. Idan komai lafiya, lambar da za ta fito ita ce 755224, kuma ita ce ke fitowa a kowace kwamfuta a duniya da ke bin ƙa'idar. Da zarar ka gan ta, ka tabbata laburaren yana nan kuma lissafinsa daidai ne tun kafin ka taɓa saitin SSH.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana ka harhaɗawa da hannu. Manajan ƙunshi yana ajiye rajistar duk fayil ɗin da ya saka, yana duba sa hannun rumbun da ya ɗauko kayan daga cikinsa, kuma duk ranar da aka toshe wata kafar tsaro, sabuntawar za ta iso maka tare da ta sauran manhajoji. Abin da ka harhaɗa da kanka kuwa yakan sauka ne a /usr/local/lib, wurin da apt ba ya leƙawa ko kaɗan. Daga ranar da ka ajiye shi a nan, kai kaɗai ne ka san da zamansa, kuma idan ka manta, ko ka bar aikin wani ya gaje ka, shi ke nan ya zama maraya. Abin da ya fi wannan muni shi ne, a Debian da Ubuntu tsarin yakan fifita laburaren da ke /usr/local/lib a kan na asali. Na taɓa zama gaban wata sabar da masu ita ke sabunta ta kowane mako ba fashi, hankalinsu kwance, sai da muka rubuta ldd /usr/bin/oathtool, umarnin da ke nuna laburarorin da manhaja ke arowa, muka ga layin liboath.so.0 yana nuni zuwa /usr/local/lib, ga wani tsohon kwafi da wani ma'aikaci ya harhaɗa shekaru da dama kafin nan. Duk facin da apt ya yi ta kawowa yana nan a ajiye a mazauninsa, amma tsohon kwafin ne ke tsaron ƙofa. Idan kana zargin irin wannan a taka kwamfutar, umarnin dpkg -S tare da cikakken adireshin fayil ɗin zai gaya maka ƙunshin da ya mallake shi, idan kuma ya ce bai san shi ba, to hannu ne ya ajiye shi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce an gano ɓaraka a pam_oath kuma sai a siga ta 2.6.12 aka gyara. Da na duba tawa kwamfutar mai Debian 12 sai na ga 2.6.7 ce a kai, kuma apt yana ce mini babu wata sabuwa. Shin an bar mu a baya ke nan? Ni dai raina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma na ji daɗi da kika duba maimakon ki ɗauka komai lafiya. Labarin da kika ji gaskiya ne. A watan Oktoba na 2024 masu binciken tsaro na kamfanin SUSE suka bayyana wata kafa da aka yi wa rajista da lamba CVE-2024-47191, wadda ta shafi sigogi daga 2.6.7 zuwa 2.6.11. Tushen matsalar shi ne, pam_oath, wato sashen da ƙunshin libpam-oath ke ɗauke da shi, ba karanta fayil ɗin mabuɗai kawai yake yi ba, yana kuma rubutu a cikinsa duk lokacin da wani ya shiga, domin ya ajiye lambar ƙarshe da aka yi amfani da ita kada a maimaita ta. A wajen wannan rubutun yakan ƙirƙiri wani fayil na wucin gadi a folda ɗaya da na asalin, kuma da ikon root yake yin haka, wato ikon da babu wanda ya fi shi a kwamfutar. Tun daga siga ta 2.6.7 aka ba da damar ajiye fayil ɗin mabuɗai a foldar gidan kowane mai amfani. Mai foldar kuwa yana da ikon shirya mahaɗar ƙarya a cikinta, wadda za ta karkatar da rubutun zuwa wani fayil mai muhimmanci na tsarin, ta haka sai ƙaramin mai amfani ya wayi gari da ikon da ba nasa ba. Wanda ya ajiye mabuɗansa a fayil guda kamar /etc/users.oath, inda root kaɗai ke iya rubutu a foldar, wannan hanyar harin ba ta same shi ba.

To amma lambar sigar da kika gani ba ta isa ta yanke hukunci ba. Al'adar Debian ita ce, idan ta fitar da tsayayyen bugu, ba ta sauya sigar manhaja a tsakiyar tafiya, domin kada sabon hali ya ɓata wa mutane saitin da suka dogara da shi. Abin da masu tsaronta ke yi shi ne su ciro gyaran kaɗai daga sabuwar sigar, su liƙa shi a jikin tsohuwar kamar faci, sannan su ƙara wasu haruffa a wutsiyar lambar. Saboda haka ki rubuta apt policy libpam-oath ki karanta lambar har ƙarshenta, za ki ga bayan 2.6.7 akwai ƙarin da ke ɗauke da deb12u da wani adadi, wanda ke nuna an yi wa ƙunshin gyara bayan fitowar Debian 12. Domin ki ƙara samun natsuwa, ki rubuta apt changelog libpam-oath ki nemi lambar CVE ɗin a cikin bayanin sauye-sauyen. Idan kin gan ta a rubuce, an toshe kafar a kwamfutarki ko da yake lambar farko ba ta motsa ba. Ubuntu da Red Hat ma haka suke yi a bugunsu na dogon zango.

Abubuwa biyu ne ke iya hana facin isowa, kuma su nake so ki bincika. Na farko shi ne a ce babu rumbun tsaro na Debian, wato security.debian.org, a cikin jerin rumbunan da apt ke ɗauko kaya, abin da kan faru idan an gyara jerin da hannu. Na biyu shi ne a ce wani ya taɓa ɗaure ƙunshin da umarnin apt-mark hold saboda tsoron kada sabuntawa ta rufe masa ƙofa. Na fahimci wannan tsoron, amma ban yarda da maganin ba, domin manhajar da ke tsaron ƙofar shiga ita ce ta fi kowace bukatar faci a kan lokaci. Umarnin apt-mark showhold zai nuna miki duk abin da aka ɗaure, apt-mark unhold kuma ya kwance shi. Idan ba kya samun sukunin dubawa a kai a kai, ƙunshin unattended-upgrades zai riƙa ɗora gyare-gyaren tsaro da kansa.

Tambaya: Malam, na shiga uku. Na ga kamar lambar nan tana wahalar da abokan aikina, sai na cire libpam-oath da apt purge, na fita daga sabar. Tun daga lokacin babu wanda ya iya shiga, har ni kaina, alhali kalmar sirrina daidai take. Ashe purge ba ya share komai da komai?

Amsa: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Abin da ya same ka ya sami mutane da yawa, kuma ana iya gyara shi. Umarnin purge yana share abin da ƙunshin ya zo da shi ne, haɗe da fayilolin saitin da ke cikin rajistarsa. Amma ka tuna ranar da ka kunna wannan tsarin, da hannunka ka buɗe /etc/pam.d/sshd ka ƙara layi mai kama da auth required pam_oath.so usersfile=/etc/users.oath digits=6. Wannan fayil ɗin na ƙunshin SSH ne, layin kuma naka ne, don haka apt bai san da shi ba, balle ya cire shi. Yanzu duk wanda ya ƙwanƙwasa, PAM yana karanta layin, ya je neman pam_oath.so ya tarar babu, kuma tunda kalmar required na nufin dole sai wannan matakin ya yi nasara, sai ya hana kowa wucewa. A gaskiya wannan halin shi ne daidai ga mai gadi, domin da zai riƙa buɗe ƙofa duk lokacin da wani sashe nasa ya ɓace, da ɓarawo ma sashen zai fara ɗaukewa.

Mafita ita ce ka isa ga kwamfutar ta wata hanyar da ba ta bi ta SSH ba. Idan tana kusa da kai, ka haɗa mata allo da madannai ka shiga kai tsaye, domin shiga ta nan wani fayil ɗin PAM yake bi daban, matuƙar ba a fayil ɗin common-auth da kowa ke tarayya a kansa ka sa layin ba. Idan kuwa hayarta kuke yi a wani kamfani, yawancinsu suna ba da tagar gaggawa a shafinsu, ko hanyar tayar da ita da tsarin ceto domin ka buɗe faifan ka gyara. Da ka shiga, ko dai ka goge layin, ko ka mayar da ƙunshin da apt install. Idan ka zaɓi gogewa, ka leƙa /etc/ssh/sshd_config ma, domin mai yiwuwa ka sa AuthenticationMethods yana neman mataki biyu, sai ka daidaita shi da sabon halin da ake ciki.

Daidai tsarin cirewa shi ne a fara da layin PAM, a gwada shiga, sannan a cire ƙunshin daga ƙarshe. Kuma duk lokacin da za ka taɓa PAM ko saitin SSH, ka bar taga ɗaya a buɗe wadda ka riga ka shiga da ikon root, ka yi gwajin a taga ta biyu, kada ka rufe ta farkon sai ta biyun ta karɓe ka. Akwai kuma abin da purge ya bari wanda ya fi layin hatsari, wato /etc/users.oath. Mabuɗan mutanenka suna nan a cikinsa a rubuce ɓaro-ɓaro, domin sabar tana bukatar ainihin mabuɗin kafin ta yi lissafi, ba kamar kalmar sirri ba da ake iya ajiye narkakkiyar siffarta kawai. Idan kun daina amfani da tsarin, ka share fayil ɗin da kanka. Idan kuma za ku koma kansa, wanda shi nake fata, ka tabbata root ne mai shi kuma izininsa 600 ne, wato shi kaɗai ke iya karanta shi da rubutu a ciki, sannan ka tuna cewa duk inda kuke ajiye kwafin ajiya na foldar /etc, mabuɗan nan suna can su ma.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina bin wani tsohon bayani da ya ce in ɗora liboath0, amma a Ubuntu 24.04 sai na ga sunan ya koma liboath0t64. Jabu ne ko kuwa? Sannan ina rubuta wata manhaja da yaren C, tana ta kukan ba ta ga oath.h ba.

Amsa: Ba jabu ba ne, Malam, laburaren nan ne dai aka sake wa suna. Tsoffin tsare-tsare masu ƙirga lokaci da bit 32 ma'auninsu zai cika a ranar 19 ga Janairun 2038, shi ya sa Debian da Ubuntu suka sake harhaɗa ɗimbin laburarori domin su ƙirga lokaci da bit 64, suka kuma ƙara t64 a sunayen ƙunshinsu. Laburaren da aikinsa ya rataya a kan agogo kuwa dole wannan sauyin ya shafe shi. Ba sai ka haddace sunan ba, ka nemi oathtool ko libpam-oath, apt zai zaɓo wanda ya dace. Game da oath.h, yana cikin wani ƙunshi daban mai suna liboath-dev, a Fedora kuma liboath-devel, domin an raba abin da mai amfani ke bukata da abin da mai rubuta manhaja ke bukata. Ƙarin jan hankali ɗaya: idan manhajar taka ba ta cikin rajistar apt, to bai san tana dogaro da laburaren ba, kuma wata rana apt autoremove zai iya kwashe shi a matsayin abin da babu mai bukata. Ka yi masa alama da apt-mark manual domin ya bar shi.

Tambaya: Malam, tsarin ya yi watanni yana aiki lafiya, sai kwanan nan ya fara ƙin karɓar lambobi jefi-jefi, yanzu kuma ya ƙi gaba ɗaya. Na cire ƙunshin na mayar har sau uku, babu canji. Wani ya ce in sa window=30 a layin PAM. In sa?

Amsa: Malama, ki dakata da cirewa da mayarwa, domin alamun da kika zayyana sun fi kama da na agogo. Matsalar da ta fara kaɗan-kaɗan sannan ta game komai ita ce irin ta agogon sabar da ke zamewa a hankali, yau daƙiƙa biyu, gobe uku, har tazarar da ke tsakaninsa da na waya ta wuce rangwamen da tsarin ke yi. Wayoyi suna karɓar lokaci daga layin sadarwa, don haka galibi nasu daidai ne. Ki rubuta timedatectl ki duba layin da ke faɗin ko agogon tsarin yana daidaita da na intanet. Idan amsar a'a ce, ki ɗora chrony ta hanyar apt, ko ki kunna systemd-timesyncd, ki kuma tabbata katangar tsaronku ba ta toshe ƙofar UDP mai lamba 123 ba, wadda ta nan ake karɓar lokaci. Bambancin yankin lokaci ba ya cikin abin zargi, domin lissafin da lokacin duniya na UTC yake tafiya.

Shawarar window=30 kuwa ina roƙonki kada ki bi ta. Shi window yana faɗin iyakar rangwamen da za a yi ne idan ƙirgen mai shiga da na sabar suka saɓa, kuma wannan adadin ya dace ne da HOTP, inda mutum kan danna na'urarsa sau da yawa ba tare da ya shiga ba, sai ƙirgensa ya wuce na sabar. A TOTP ma'anarsa ita ce a karɓi lambar gida 30 a baya da gida 30 a gaba, wato minti 15 ta kowane ɓangare. Lambobi miliyan ɗaya ne ake iya samu daga alƙaluma shida, kuma a maimakon guda uku da za su yi aiki a lokaci ɗaya idan kin sa window=1, sai su zama 61, kin ga an sauƙaƙa wa mai cinke aikinsa fiye da ninki ashirin. Takardar RFC 6238 kanta ta ba da shawarar kada rangwamen jinkirin hanya ya wuce gida ɗaya.

Bayan kin gyara agogon, ki gwada da mabuɗin asusunki ta hanyar oathtool --totp, ki ƙara -b idan mabuɗin a rubutun Base32 yake, irin wanda manhajojin waya ke karɓa, sannan ki kwatanta lambar da ta fito da wadda ke fuskar wayarki a daidai wannan lokacin. A nan ne wasu ke tuntuɓe, domin fayil ɗin users.oath heksa yake so, waya kuma Base32, mabuɗi ɗaya ne a rubutu iri biyu. Ki kuma kula cewa mabuɗin da aka rubuta a layin umarni yana zama a tarihin umarninki, don haka ki goge wannan layin daga tarihin da zarar kin ga lambobin biyu sun zo daidai.